Rijiyarmu tana kusa da kududdufin kuza a Bukuru: alimun, zogale da gawayi sun isa su gyara ruwan?

Wani ƙanenmu da ke zaune a Bukuru, ɗalibi ne da ke karantar kimiyyar sinadarai, ya turo min tambaya kamar haka: "Salam Malam. Rijiyar gidanmu ba ta da nisa da wani tsohon kududdufin kuza. Da damina ruwan yakan yi ja, sai Hajiyarmu ta jefa alimun a ciki ya yi garau mu sha. Ni kuma na karanta binciken da aka yi cewa 'ya'yan zogale da gawayin ɓawon gyaɗa suna cire sama da kashi 90 na dalma da sauran guba daga ruwa. Shin in na haɗa mata waɗannan a gida mun tsira, ko akwai sauran magana?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai sauran magana, kuma mai tsawo ce, sai ka yi haƙuri dani. Na daɗe ina aikin gwajin ruwa a garin Jos ɗin nan, kuma abun da ya fi wahalar dani ba na'ura bace ba kuma sinadari bane, shine in fahimtar da mutum cewa ruwan da ya yi garau a kofi da ruwan da ba zai cutar da shi ba, abu biyu ne daban. Alimun ɗin Hajiya yana aiki, kar ka raina shi ko kaɗan, amma aikin ido yake yi. Abubuwan da ni nake tsoro a rijiya irin taku yawancinsu ba su da kala, ba wari, ba ɗanɗano.

Bari mu fara da jan nan da kace, don ja kala biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Gobe da safe ka ja guga ɗaya, ka zuba a farin bokiti ko kwalbar roba mai haske ka duba a take. In tun daga fitowarsa yake ja ja, kamar an dama jar ƙasa, toh wannan laka ce, ruwan sama ne yake wanko ta ya shigo da ita ta bakin rijiya ko ta tsagar jikin ginin. In kuwa ya fito tas, sai bayan awa ɗaya ko biyu ya fara komawa ruwan ɗorawa, ya bar tsatsa a gindin bokiti, fararen kaya su riƙa dafewa a wanki, shayi ya yi baƙi ƙirin, wannan ƙarfe ne narkakke. A can ƙasa inda babu iska ƙarfen a narke yake ba a ganinsa, da ya haɗu da iska sai ya koma tsatsa. Shi wannan ko alimun ba ya buƙata sosai, iska yake so: ka sheƙa ruwan daga bokiti zuwa bokiti kamar sau goma, ko ka huda gindin tsohuwar roba ya riƙa zubowa kamar shawa, ka bar shi ya kwana, ka tace da yashi. Ma'aunin Najeriya na ruwan sha ya sa iyakar ƙarfe a miligiram 0.3 a lita, amma yawanci don kala da ɗanɗano ne, ba shine mai kisa ba.

Laka ɗin ce ta fi damuna, ba don ita kanta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk hanyar da laka ta bi ta shiga rijiya da damina, ta nan ruwan kwata da na masai da kashin dabbobi ma zai bi. Saboda haka tun kafin ka sayi komai, ka auna taku nawa ne tsakanin rijiyar da masai ko sokawe mafi kusa, naku ko na maƙwabta, abun da ake so shine wajen mita 30, kuma rijiya ta kasance a tudu masai a gangare. Na san a unguwanni irin su Gangare da Rikkos da Anguwar Rogo da cikin Bukuru wannan mita 30 ɗin sai dai a takarda, gida ma nawa yake, amma aƙalla a ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti zagaye mai gangara waje, a sa murfi, a daina ajiye guga da igiya a ƙasa inda kaji ke kiwo. Wallahi buhun siminti biyu a nan ya fi duk wani sinadari da zan rubuta maka amfani.

Yanzu alimun, wanda wasu ke ce wa alif. Ƙwayoyin laka ƙanana ne sosai kuma dukkansu suna ɗauke da caji iri ɗaya, mai korar juna, shi yasa za ka ajiye ruwa kwana biyu ya ƙi kwanciya. Alimun in ya narke yana sakin alminiyom mai kishiyar wancan cajin, sai ya kashe korar, sannan shi kansa ya koma wani abu mai yauƙi kamar kaɗaɗɗiyar auduga, ya tattaro lakar ya nutse da ita ƙasa. Irin abun da ake yi kenan a matatun ruwa na gwamnati, sai dai su can da awo suke zubawa. Matsalar gidajenmu ita ce babu awo. Na taɓa shiga gidan wata gwaggona na tarar ta jefa guntu kamar goro a randa ta bar shi a ciki, ruwan ya yi fes kamar hawaye, na kurɓa na ji bakina ya ɗaure kamar na ci ɗanyar kanya, tace ai haka ruwa mai kyau yake. Ba haka yake ba. Alimun yana ƙara wa ruwa tsami, kuma ruwan ƙasan Jos, da yake cikin duwatsun giranait yake fitowa, dama can mara nauyi ne, ba shi da abun da zai tare tsamin sosai. In ka cika alimun sai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi, audugar nan ta ƙi haɗuwa da kyau, alminiyom ya rage a narke ka sha abunka. Ma'auni ya ce pH ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, alminiyom kuma kar ya wuce miligiram 0.2 a lita.

Tunda kai ɗalibin fannin ne, ga aikin da za ka yi a tsakar gida ranar Asabar, shi muke yi a leb ba wani abu ba. Daka alimun ya yi gari, ka narkar da giram 10, wajen ƙaramin cokalin shayi biyu a shafe, cikin lita 1 na ruwa mai kyau. Kowane mililita 1 na wannan haɗin yana ɗauke da miligiram 10. Ka jera robobi biyar, kowacce lita 1 na ruwan rijiyar, ka sayi sabon sirinji a kemis, ka zuba mililita 2 a ta farko, 4 a ta biyu, 6, 8, 10. Ka juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali a hankali minti biyar zuwa goma, wannan juyin na hankali shine mutane ke tsallakewa kuma shine yake ba audugar damar girma, sai ka bar su minti 30 zuwa awa ɗaya. Wadda ta fi ƙarancin alimun cikin waɗanda suka yi garau, ita ce awonku. A ce ta mililita 4 ce, toh jarka mai lita 20 mililita 80 take so, wato ƙasa da giram 1 na alimun. Kaga bambancinsa da guntun goro. Ka samo wa Hajiya wani murfi ko ɗan kofi ka yi masa alama, shikenan. Awon yakan canza tsakanin farkon damina da tsakiyarta, sai a sake gwadawa.

Zogale kuma gaskiya ne, ba tatsuniya bace. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwa da 'ya'yansa, wata masaniya Samia Jahn ta bi diddigin abun ta rubuta shi tun a shekarun 1970 da 1980, daga baya aka gano wani furotin ne a cikin ƙwayar mai caji irin na alimun. Ana ɓare busassun 'ya'yan, a daka farar ƙwayar, a dama da ruwa kaɗan a girgiza, a tace da tsumma mai tsafta a zuba, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ko biyu gwargwadon kaurin lakar. Abun da nake so da shi shine ba ya taɓa pH. Abun da ba a cika faɗa ba kuma shine yana barin maiƙo da sauran abincin ƙwayar a cikin ruwan, kuma wannan abinci ne ga ƙwayoyin cuta, ruwan zogale in ya kwana biyu a randa sai ka ji ya fara bashi, waɗanda suka tsira sun hayayyafa. Na yau na yau ne. Sannan in ruwan dama ba shi da laka sosai, zogale ba ya wani kataɓus.

Toh amma alimun da zogale duk ɗaya suke a wuri guda: suna rage ƙwayoyin cuta saboda da yawansu na manne da laka su nutse tare, amma ragewa ce ba kashewa ba. Ma'aunin E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, a ruwan sha sifili ne cikin mililita 100, ba "kaɗan" ba. Kwalara da taifod da gudawar yara ba ruwansu da cewa ruwa ya yi haske. Dole bayan an kwantar an tsiyaye, a zo matakin kisa, kuma in da za a ce min in zaɓi abu ɗaya tak cikin duk bayanin nan in bar saura, wannan zan ɗauka.

Tafasawa ita ce mafi tabbas. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, don haka ruwa a nan yana tafasa a kusan digiri 96 ba 100 ba, wasu ɗalibai sukan tsorata da wannan, babu komai, in ya tafasa yana ɓulɓula minti ɗaya ya gama da su. Tsadar gas da gawayi ce matsalar. Sai kilorin, wanda tun 1908 aka fara zuba shi a ruwan birnin Jersey City na Amurka ba ƙaƙƙautawa, kuma inaga babu wani sinadari da ya ceci rayukan yara kamarsa. In ka samu WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, wato kilorin da aka haɗa don ruwan sha, ka bi abun da aka rubuta a jiki. In babu, bilic ɗin wanki zalla, mara turare mara sabulu, wanda aka rubuta kashi 3.5 a jikinsa, yana yi: kowane mililita yana da wajen miligiram 35, ana son kusan miligiram 2 a lita, kenan mililita 1 da ɗan ɗoriya a jarka mai lita 20. Da sirinji, ba da murfi ba, ba kuma da ƙiyasin ido ba. A girgiza a rufe minti 30. In ka buɗe ka ji ɗan ƙamshin kilorin sama sama, ya yi. In babu ko alama, dattin ruwan ya cinye shi, ko bilic ɗin ya tsufa a rana a shago, sai a ƙara a sake jira. Abun da ake nema shine ya rage kamar miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 ɗin, wannan ragowar ita ke gadin ruwan a randa lokacin da yara ke tsoma moɗa.

Kar a zuba kilorin a jan ruwa kai tsaye, a fara kwantarwa. Dalili biyu: laka tana ɓoye ƙwayoyin cutar, sannan kilorin in ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da makamantansu yana haifar da wasu sinadarai dangin kulorofom, wani masani Johannes Rook ne ya gano haka a ruwan Rotterdam a 1974. Shi yasa in za a sa kilorin na fi son alimun a gabansa akan zogale. Amma kar wani ya ji wannan yace ya fasa kilorin, haɗarin wancan na shekaru masu yawa ne kuma ƙarami, kwalara kuwa kwana ɗaya ta ishe ta. Akwai kuma shanya ruwa a rana cikin farar kwalbar roba awa 6, ko kwana biyu in da hadari, yana aiki in ruwan garau ne, sai dai kai ma ka san Jos a watan Agusta, rana sai an yi sa'a.

Yanzu mu zo kan kududdufin, wanda shine ainihin abun da ya sa tambayarka ta bambanta da ta mutumin Kano ko Zariya. Turawa sun fara haƙar kuza gadan gadan a tsaunin nan tun wajen 1904, daga Naraguta zuwa Rayfield, Bukuru, Bisichi, Barikin Ladi, aka yi ta yi har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aka bar mana ramuka da tsibin ƙasa. Ita kuzar kanta ba ta cika narkewa a ruwa ba, ba ita bace abun tsoro. Abokan tafiyarta ne: a cikin ragowar yashin da ake zubarwa bayan an wanke kuza da kwalambait akwai ma'adinan monazait da zakon, masu ɗauke da toriyom da ɗan yuraniyom, masu fitar da tururin nukiliya. Su ma ba sa narkewa da sauƙi, haɗarinsu ya fi yawa a ƙura da zama kusa da tsibin da yin gini da yashin. Amma ga gargaɗi na musamman gare ka, in za ka haɗa matatar yashi: kar ka kuskura ka ɗebo yashin bakin kududdufi ko na wurin wankin kuza, wannan mai baƙin ƙyalƙyali mai nauyi a hannu. Garin neman gira kar a rasa ido. Ka nemi yashin rafi daga inda ba a haƙa, ka wanke shi har ruwan wankin ya fito fari.

Ban ce rijiyarku tana da dalma ba, ban kuma ce babu ba, ido ba ya gani, kusanci da kududdufi shi kaɗai ba hujja bace. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma miligiram 0.01 ne a lita, asenik ma haka, kadmiyom 0.003, yuraniyom 0.03. Ka kwatanta: 0.01 a lita kamar ka narkar da giram 1 ne a tankar ruwa mai lita 10,000 har guda goma. Wane harshe ne zai ɗanɗano wannan? Mun ga abun da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, duk da can ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta fi yin ɓarnar ba ruwa ba. A jiharmu ma akwai dalma da zinki a yankin Zurak ta Wase. Wasu lokutan kuma dalmar ba daga ƙasa take ba, daga tsohon batirin mota ne da ake fasawa a bayan gida, ko tsofaffin kan famfo, ruwa mai ɗan tsami kuwa ya fi saurin cin ƙarfe.

In za a bi ta tawa, a rijiyar Bukuru naitiret, sinadarin da ke shiga ruwa daga taki da masai, ya fi dalma kusa da zama matsala. Dubi yadda ake noman rani zagaye da kududdufan nan, kabeji, karas, latas, dankalin turawa, ana zuba taki buhu buhu, ga masai a kowane lungu. Iyaka miligiram 50 ne a lita. Babba ba zai ji komai ba, amma jaririn da bai kai wata shida ba, in ana dama masa madarar gwangwani da ruwan, jininsa yana iya kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi. Kuma nan ne tafasawa take zama an gudu ba a tsira ba: tafasa ba ta cire naitiret, ba ta cire dalma, ba ta cire fuloraid, ruwa ne ke tashi ya bar su, har su ɗan ƙara kauri. Alimun ba ya taɓa naitiret, zogale ba ya taɓawa, kilorin ma haka. Fuloraid kuma iyakarsa 1.5, wanda ya san mutanen Langtang ko Kaltungo ya san haƙoran nan masu launin goro tun yarinta, daga ruwa ne.

Sai binciken da ka karanta. Ba ƙarya suka yi ba, ni ma na duba irin waɗannan ayyukan na ɗalibai ba adadi, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, buntun shinkafa, ƙwallon dabino, garin katako daga kasuwar Katako. Amma ka duba yadda ake yin gwajin. Ana ɗaukar tataccen ruwan leb wanda babu komai a cikinsa, a narka dalma ita kaɗai, miligiram 50 ko 100 a lita, a daidaita pH, a zuba gawayi a girgiza awa biyu a ƙaramar kwalba, a zana layin sakamakon gwajin ya fito ɗoɗar, a rubuta kashi 95. Toh yi lissafi da kanka: kashi 95 na 100 an cire, saura 5, wato ninki 500 na iyakar da aka yarda a sha. Kuma a rijiya dalmar ba ita kaɗai bace, ga kalsiyom ga ƙarfe ga ruɓaɓɓen ganye duk suna rububin gurbi ɗaya a jikin gawayin. Babu mai gaya maka kuma yaushe gawayin zai ƙoshi, domin yana ƙoshi, daga nan sai ya bar komai ya wuce, wani lokacin ma ya amayar da wanda ya riƙe, ruwan kuma yana nan garau abunsa.

Sannan gawayin leb ba gawayin mai shayi bane. Ana gasa shi ne da tururi a zafin digiri 800 zuwa sama, ko a jiƙa shi da asid ɗin fosforik ko zinki kuloraid a gasa a wajen 400 zuwa 600, har ya huhhuje ciki ya zama giram 1 yana da faɗin fili murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Akwai wani ɗalibi da na taɓa duba wa aiki, ya zo yana murna gawayinsa ya cinye dalma kusan duka, nace je ka auna min zinki a ruwan da ya fito. Ya dawo jiki a sanyaye, bai wanke gawayin da kyau ba, ya cire guba ɗaya ya zuba wani ƙarfen. Ba laifinsa bane, babu wanda ya taɓa ce masa ya duba. Gawayi na gari gwani ne wajen cire wari da ɗanɗano da kala da ragowar kilorin da wasu magungunan feshi, amma naitiret da fuloraid ba fagensa bane, ƙwayoyin cuta kuma gida ma suke yi a cikinsa in ya daɗe.

Kowane datti da abun da ke kama shi. Fuloraid gawayin ƙashi yake ji, ƙashin shanu da aka gasa, a Nakuru ta Kenya sun daɗe suna amfani da shi, a Indiya kuma akwai hanyar Nalgonda ta alimun da layim, wato farar ƙasa. Naitiret sai ƙwayoyin roba da ake haɗawa a masana'anta masu musayar caji, ko matatar RO irin ta masu fiya wata na kirki, wadda siririyar fata ce ta roba da ake matsa ruwa ta cikinta da ƙarfin famfo, tana cire kusan komai amma tana son wuta kuma tana zubar da ruwa mai yawa. In gwaji ya nuna naitiret ko dalma sun haura, shawarata mai sauƙi ce: a bar rijiyar wa wanki da wanka, na sha da girki, musamman na jarirai da masu ciki, a nemo daga wani wuri. Ya fi arha akan kokawa da sinadari a tsakar gida.

Ba ina kashe maka gwiwa bane akan bincike, akasin haka ma. Muna da farin yumɓu, kaolin, a nan Filato da Alkaleri da Ƙanƙara, daga shi ana iya fitar da alimun ana iya haɗa ziyolait, wani sinadari mai kama ƙarafa a ruwa, a ABU Zariya an yi aiki sosai akan na Ƙanƙara. Muna da magina tukwane, kuma matatar tukunya da Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Guwatemala a 1981 yumɓu ce kawai da garin katako, a gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi. In lokacin furojet ɗinka ya zo, don Allah kar ka ƙara mana wani kashi 95 ɗin. Ɗebo ruwan rijiyarku na gaske, ka cika bututu da gawayinka, ka riƙa zuba ruwan kullum kana aunawa har ranar da ya daina kamawa, ka gaya mana lita nawa kilo ɗaya ya tace kuma naira nawa ya ci. Wannan lambar ita ce babu a hannunmu.

Wani abu kuma kafin in manta, masu yawo da na'ura gida gida suna tallar matata. Za su tsoma wasu sanduna a kofin ruwanka su jona wuta, ruwan ya koma baƙi ko kore, suce kaga gubar da kake sha. Sandar ƙarfen ce take narkewa, ko ruwan roba mai tsada ka ba su haka zai yi matuƙar akwai ɗan gishiri a ciki. Ɗan abun awon ruwa mai kama da alƙalami, na TDS, ma jimillar gishirin da ya narke kawai yake nunawa, ba ya ganin ƙwayar cuta, ba ya ganin dalma a 0.01.

Gwaji na gaskiya leb ake kai shi. A nan kusa akwai Jami'ar Jos da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos, a Kaduna akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, a Abuja akwai cibiyar kimiyya ta Sheda, ka je ka tambaya wanne suke yi a yanzu da nawa ne. Ka ɗebi ruwan kafin a sa masa alimun, a sabuwar roba da ka ɗauraye da ruwan rijiyar sau uku, ka cika ta taf. Na ƙwayoyin cuta kuma su za su ba ka kwalbarsu da aka dafa, ka sa a kula da ƙanƙara ka kai cikin awa 6. Ka nemi pH, laka, E. coli, naitiret, fuloraid, ƙarfe, manganis, dalma, kadmiyom da asenik, in kuɗi bai kai ba fara da E. coli da naitiret da dalma. In sun rubuta maka "ba a gani ba" a gaban dalma, kar ka tashi sai ka tambaye su mafi ƙanƙantar abun da na'urarsu ke iya gani, domin na'urar auna ƙarafa ta AAS mai harshen wuta sau da yawa ba ta sauka har 0.01 da tabbaci, sai mai tanderun girafait ko wata na'urar da ake kira ICP. A yi sau biyu, ɗaya a watan Agusta ɗaya a Maris, don rijiya fuska biyu gare ta. Ku haɗa kuɗi da maƙwabta uku ko huɗu tunda kusan ruwa ɗaya kuke sha a ƙasa.

Kafin sakamako ya fito, ku ci gaba da alimun amma da awo, a tsiyaye a wata roba, a sa kilorin ko a tafasa, a zuba a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo maimakon buɗaɗɗiyar randa. In akwai jariri mai shan madarar gwangwani a gidan, nasa ruwan a sayo daban tukuna. In takardar ta fito ka ɗauki hotonta ka turo min mu duba tare, ka haɗa da nisan masai da zurfin rijiyar, gaba nawa ce. Ka gaishe min da Hajiya, kace mata alimun ɗinta yana nan ba mu hana ba, guntun ne kawai za a rage.